Dillancin da Na Yi Tsakanin Butros da Ɗansa

Na yi wauta iri-iri a duniya, kun kuma san da yawa daga ciki, domin uwarku ba ta bar ko ɗaya ta ɓace ba. Kun san na taɓa sayen agogo a kan gada wanda allurarsa fenti ce. Kun san na taɓa shiga taragon mata a metro, jirgin ƙasan cikin gari, na zauna na miƙe ƙafa ina mamakin yadda Allah ya yi mini sarari. Waɗannan na dariya ne. Wadda zan rubuta muku yau ba ku san ta ba, kuma ita ta fi kowacce nauyi. Da baki na yi ta, ina zaune a kan dilar zannuwan gado, ina ɓare gyaɗa, ina jin kaina mai wayo. Na san an gaya muku an ga babanku a cikin coci a Alƙahira, har wasu suka ƙara da cewa saura kaɗan in bar salla. An gan ni, gaskiya ne, ba ma sau ɗaya ba. Ku bi ni a hankali ku ji abin da ya kai ni, don rubutun wanda ya bar makaranta a aji uku ba ya gudu.

Aikina a kasuwar Ataba dillanci ne. Hajiyoyi 'yan kasuwa su sauka daga Kano ko Yamai, in tarye su, in kai su shago-shago, in yi musu tafinta, in sa a ɗaure kaya a kai kago, inda ake aika su gida ta jirgi. Sirrin sana'ar guda ne: kada ka taɓa bari mai saye da mai sayarwa su ji juna kai tsaye. Balarabe ya ce kayan nan sun fi ƙarfinta, in juya in ce, Hajiya, ya ce don ke ce zai duba. Hajiya ta ce wannan ɓarawo ne, in juya in ce masa tana yaba kyan audugarsa. Shekara ashirin da wani abu ina tsaye a tsakiya, har abin ya zame mini jiki. Ko a masallaci na ga mutum biyu suna magana, sai in tarar ƙafata ta kai ni tsakaninsu.

Shagon da na fi zama shi ne na Butros, mai sayar da zannuwan gado da tawul da labule. Bakibɗe ne, wato Kiristan Masar. Ranar da aka fara gaya mini haka na yi tsuru-tsuru, domin ni a tafsirin da na ji a garinmu na ɗauka Kibɗawa duk sun nutse tare da Fir'auna. Da na faɗa masa, ya yi dariya har sai da ya dafa kantar shagon, ya ce kakansa ne ya makara ranar. Daga nan muka ƙulle. Shi yana kirana Ilyas, don Ilu ya fi ƙarfin bakinsa, ni kuma ina kiransa Abu Mina, da sunan ɗansa, yadda ake yi a can. In azahar ta yi, shi ke ture dila ya yi mini wurin shimfiɗa darduma. In suna dogon azuminsu, wanda ba a cin nama ko madara ko ƙwai, ni ma sai in koma wake da burodi, ba don taƙawa ba, don abin da ake kawowa shagon ke nan. Mina shi kaɗai ne ɗansa, Ammu yake kirana, wato baffa. A gabana ya girma, ya gama karatun harhaɗa magunguna, bai samu aiki ba, ya dawo yana taya uban. A shekarar da nake ba ku labari yana da ashirin da shida, an yi masa baiko da wata 'yar unguwarsu a Shubra.

Da jama'a suka cika filin tsakiyar gari a farkon 2011, Mina ya je ya yi kwana uku ya dawo murya a dishe. Uban bai ce komai ba, domin a lokacin kowa ya je, har mai yi mana shayi. Amma bayan shugaban ƙasar ya sauka, abin da aka yi zato bai zo ba. Aka ƙona coci a wani ƙauye, aka ƙona wani a cikin gari, aka yi ta zaman sulhu ana shan shayi ana watsewa. Sai samarin Kibɗawa suka fara fita da tasu zanga-zangar, da gicciye a hannu. A nan ne uba da ɗa suka raba hanya, a gabana kuma aka fara.

"Ka nuna mini wuri guda," in ji Abu Mina, yana ninke tawul, "inda Almasihu ya tara mutane ya kai su ƙofar gwamna. Masu mulkin zamaninsa ba azzalumai ba ne? Sun fi na yanzu. Da aka zo kama shi, wani cikin mutanensa ya zare takobi, shi da kansa ya hana."

"Ni takobi na ce zan ɗauka, Baba? Kyandir zan ɗauka."

"Kyandir a coci ake kunna shi."

"Ai sun ƙona cocin."

Mu a wurinmu labarin Annabi Isa ba haka ya ƙare ba, kun sani, amma ban je shagon don in gyara wa kowa addininsa ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne littafi guda, gida guda, tukunya guda, amma kowa ya buɗa sai ya tarar an rubuta abin da ke ransa. Na saba ganin haka wurin ɗalibanmu na Hayyin Ashir, unguwar da nake zaune, in sun taru cin tuwo a gidana, ban san Kiristoci ma suna da irin ciwon ba. Bayan mako biyu ana wannan, suka daina yi wa juna maganar gaba ɗaya. Mina ya koma zama a sito, ɗakin ajiyar kaya da ke saman shagon, uban yana ƙasa. To, mutum biyu sun daina jin juna kai tsaye, ga matakala a tsakaninsu, ga ni. Kun san abin da ya biyo baya.

In hau sama in zauna a kan dila in ce:

"Tsohon ya ce shekara dubu da ɗaruruwa kuna ƙasar nan, sarakuna sun zo sun wuce, ba ihu ne ya tsare ku ba, haƙuri ne da azumi da yi wa mai mulki addu'a. Ya ce wanda aka koya wa juya ɗaya kuncin, me ya kai shi titi? Ya kuma ce jami'a ce ta lalata ka."

Wannan na ƙarshen ni na ƙara, don miyar ta yi yaji.

"Ammu Ilyas, ka gaya masa mai juya kunci a tsaye yake a gaban mai marin, yana kallonsa ido cikin ido. Ba a ce ya shige ƙarƙashin gado ba. Shi kansa Almasihu da wani dogari ya mare shi, sai da ya tambaye shi dalili. Tambayar nan kawai muke yi. Shahidan da Baba ya rataye hotunansu a bango, a ɗaka aka same su sun yi shiru? Gaban sarki suka je suka faɗi abin da suka faɗa."

In sauko in kwashe duka in zube wa uban, da nawa ƙarin. Haka muka yi wata da watanni, ina jin daɗi kamar mai kallon dambe daga kan katanga. Wata rana na sauko na ce masa Mina ya ce tsoro ne yake kira haƙuri. Mina bai taɓa faɗin haka ba. Abu Mina ya ajiye almakashin da ke hannunsa.

"Shi ya faɗi haka?"

"Kusan haka," na ce.

Ya dubi matakalar. Sannan ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa:

"Tsoro ne. Ka hau ka gaya masa tsoro ne. Ayoyin nan duk da nake jawowa, bango nake ginawa da su. Ɗa ɗaya gare ni, Ilyas. Ka gaya masa haka."

Ban hau ba. Wasu hajiyoyi biyu suka shigo neman labule, na bi su. Washegari na tuna, amma sai na ga saƙon ba shi da gishiri, in na kai shi wasan ya ƙare. Na ce bari sai wani lokaci. A duk saƙonnin da na yi ta hawa da sauka da su, wannan kaɗai ne na gaskiya tsantsa, shi kaɗai ne kuma ban kai ba.

Uwarku ta gane tun da wuri, don nakan dawo gida ina kwaikwayon muryoyinsu a kan tabarma. Da farko tana dariya, daga baya ta daina.

"Malam, ka fita daga tsakanin uba da ɗa. Wannan ba cinikin tawul ba ne."

"Ni me na yi? Tafinta nake."

"Tafinta tsakanin mutum biyu masu yare ɗaya? Ka ji kanka kuwa?"

Na ce mata ta zuba mini miya ta bar siyasa.

Akwai wata al'ada tasu da ya kamata ku fahimta, don a kanta komai ya rataya. Kowane Bakibɗe yana da limamin coci guda wanda yake faɗa wa zunubansa, yake neman shawararsa. Suna ce wa limaman Abuna, wato babanmu. Wannan guda ɗin shi ne uban ranka. Ya san ka tun kana yaro, kuma ba a barinsa a koma wani sai da izininsa. Na Mina wani dattijo ne da ya yi masa baftisma yana jariri. Da bazara ta yi zafi, rikici ya yi yawa a gari, Abu Mina ya hau matakalar da ƙafarsa, ya ce su je wurin Abuna, abin da ya yanke shi ke nan. Mina ya yarda, domin yana ganin hujjarsa ta fi. Abuna ya saurare su, ya ce Mina ya zauna gida, ya yi addu'a, ya yi wa mahaifinsa biyayya. Yaron ya sumbaci hannunsa ya ce ya ji. Ya kuma riƙe. Wata huɗu abokansa suna fita, shi yana sito yana jera tawul. Abu Mina ya koma cin abinci, har ƙiba ya yi.

Ni kuwa a wurina wannan abin dariya ne, saboda yadda na saba. Lokacin da na kamu da shan shisha, na tambayi ɗalibai biyar a unguwarmu. Huɗu suka ce haramun ce, na biyar ya ce makaruhi. Shi na riƙe, na raɗa masa suna Malamina, duk tambayar da ta taso shi nake kai wa, in ya ƙi in ƙara gaba. Garin da ɗaliban ilimi suka fi motocin haya yawa, wa zai zauna da amsa ɗaya? Da wannan ƙwaƙwalwar na hau sito wata Alhamis, zafi ya fara sauka, an sake rushe wani coci a kudancin ƙasar, an kuma sa ranar Lahadi za a yi tattaki daga Shubra zuwa bakin kogi. Na tarar da Mina zaune, waya a hannu, bai ko ɗago ba.

"Duk za su je, Ammu. Har mata. Har wadda zan aura ta ce in ba don uwarta ba da ta je."

"To ka je mana."

"Abuna ya hana."

"Abuna nawa ne a Shubra?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Mu in malami ya hana," na ce, ina jefa gyaɗa a baki, "sai mu yi masa godiya mu ƙara gaba. Na ji ma akwai limamai masu baƙar riga irin tasa da za su shiga sahun gaba ranar. Su wane littafi suke karantawa?"

"Ba a yin haka a wurinmu, Ammu."

"Ba a yi, ko ba a gwada ba?"

Na yi dariya, shi ma ya yi murmushi kaɗan. Na kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigata na sauka. Wallahi kafin in kai ƙasan matakalar na manta da maganar.

Ranar Asabar ya ja ni bayan shagon. Ya ce ya je wurin wani Abuna matashi a wata unguwa. Shi wannan bai ce ya kwance shi daga maganar dattijon ba, don ba shi da ikon haka, amma ya ce masa akwai lokacin da shiru yake zama taimakon azzalumi, ya tambayi zuciyarsa a gaban Allah. Mina ya ce ya tambaya. Fuskarsa ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Kada ka gaya wa Baba. In na dawo ni zan faɗa masa da bakina, in kuma je in faɗa wa Abuna. Awa biyu ne kawai, da kyandir da waƙa."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, bakina ƙanin ƙafata. Har na ji daɗi an ba ni amana.

Lahadi ba a buɗe shagon, ina gida. Da la'asar waya ta yi ƙara, Abu Mina ne.

"Ilyas, ka ga Mina yau?"

"Ban gan shi ba yau, ya Abu Mina."

"Wayarsa tana shiga ba ya ɗauka. Uwarsa ta ce ya fita da farar riga."

"Wataƙila yana gidan surukai. Ka san mai baiko."

Ku lura da amsar. Ban yi ƙarya ba, ban gan shi ba ranar. Irin gaskiyar dillalai ke nan, wadda na ci abinci da ita shekara da shekaru. A lokacin jama'a ba su ma tashi daga Shubra ba, kuma tsakanin gidansu da wurin taruwar tafiyar minti goma ce da ƙafa. Da na ce masa ga inda yake, da ya je ya kamo hannunsa. Ko Mina zai biyo shi, Allah ne masani. Amma da aƙalla sun tsaya fuska da fuska, ba ni a tsakani.

Abin da ya faru a bakin kogi da magaribar nan ba zan zana muku shi ba. Abin da zan ce kawai, motocin sojoji sun kutsa cikin masu tattakin, an kuma yi harbi. Mun gani a talabijin, uwarku tana tsaye da ludayi a hannu. Na kira wayar Mina har ta daina shiga. Da gari ya waye na hau mota na tafi asibitin da aka ce an kai mutane. Tsakar asibitin cike da mata cikin baƙaƙen kaya, ga kuka iri ɗaya da na matanmu, ba ka iya bambancewa. Na tarar da Abu Mina zaune a gefen dakali, hannuwansa a kan gwiwa. Ya dube ni kamar daga barci.

"Ilyas, ka zo? To wa ya buɗe shagon?"

A nan na san an gama.

Ina cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. A ƙofar cocin na sunkuya zan cire takalmi, wani ya riƙe ni ya ce ma'alish, ba komai, shiga da su. Na shiga. Na tsaya a cikin hayaƙin turare ban san inda zan sa hannuwana ba. Wannan ita ce shigata ta farko, ta biyu ranar arba'in, sauran kuma duk shekara in ranar ta zagayo. Ɗaliban unguwarmu suka yi ta magana, har Malamina ya zo gida da kansa zai yi mini bayanin hukuncin. Na ce masa ya sha shayi ya tafi. A karo na farko a rayuwata ban nemi fatawar kowa ba, mai sauƙi ko mai tsanani. Ga amsar abin da aka gaya muku. Ban bar salla ba, ko raka'a ɗaya. Gawar yaron da ya girma a gabana na raka.

Ranar arba'in, bayan an gama addu'o'insu, dattijon Abuna ya yi magana ya kira Mina shahidi. Da aka fito, Abu Mina ya tare shi a farfajiya, ina tsaye kusa.

"Abuna, kai ka ce kada ya je. Yau kuma ka ce shahidi ne. Saɓo ya yi, ko daidai ya yi?"

Tsohon ya kama gemunsa, hawaye na bin shi. Ya ce shi ma tambayar da yake kwana da ita ke nan. Sai Abu Mina ya juyo gare ni, ba don yana zargina ba, don dai ni ne a kusa.

"Mina ba ya karya magana, Ilyas. Tun yana yaro. Me ya kwance shi? Ni ne. Ya ga ubansa matsoraci ne, ya tafi ya wanke sunan gidan."

Na ce masa ƙaddara ce, ya yi haƙuri. Bakin da bai taɓa rasa magana ba, abin da ya iya fitarwa ke nan.

Uwarku kaɗai na gaya wa. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce in je in faɗa masa. Na ce sai ya ɗan warware. Bayan shekara ta sake cewa, na ce yanzu kuma tayar masa da mikin zan yi. Kullum ina da dalili, dalilai kuwa ba su taɓa yi mini wuya ba. Na ci gaba da zuwa shagon, na ci gaba da kai masa hajiyoyi, har na fi da. Shi kuma ya ci gaba da muhawarar shi kaɗai. Yana ninke zanin gado sai ka ji ya jawo hujjarsa ta da, sannan ya amsa wa kansa da ta Mina, har da yadda yaron ke karya wuya. Wani lokaci Mina ke cin nasara. Bai ƙara hawa sito ba, ni nake sauko masa da kaya.

Bayan shekara biyu gari ya sake tashi, aka sake cika tituna don a kawar da sabon shugaban da aka zaɓa. A wannan karon limaman coci da dama suka ce a fita, har da na cocinsu. Namu limaman ma suka rabu biyu, kowa da ayarsa, wasu na cewa fita wajibi, wasu na cewa fitina, kuma da yawa a cikinsu shekara biyu baya akasin haka suka faɗa. Ranar da aka yi babbar fitar, kasuwa a rufe, na je na tarar da Abu Mina ya ɗaga ƙofar shagon rabi yana zaune a ciki. Maƙwabta suna wucewa da tutoci suna ce masa yalla, taso mu je, ya Abu Mina, yau ranar ɗanka ce.

"Ba za ka je ba?" na ce.

"Yanzu an ce halal ne," in ji shi. "Littafin bai canza ba, Ilyas. Na duba. Ko wasali ba a ƙara ba."

Bayan 'yan makonni aka ƙona coci-coci da yawa a kudu. Wannan karon aka ce musu su yi haƙuri saboda ƙasa. Ya ji a rediyo, ya kashe, ya ce in miƙo masa tawul masu ruwan ƙasa.

A 2015 gwiwata ta ƙi matakala, hajiyoyin ma sun koma saro kaya wasu ƙasashe, kuka matsa mu dawo gida. Saura kwana uku mu tashi, uwarku ta ɗauke fasfona ta sa a cikin jakarta.

"Ba za ka hau jirgi da wannan abin ba, Malam. Ya fi kilo ɗin da aka yarda."

Na tafi shagon Abu Mina da hantsi, lokacin da kasuwa ba ta cika ba. Ya aika aka kawo shayi. Ya ware mini zannuwan gado guda shida, ya ce na auren 'yata Zainabu ne, su ne waɗanda kuka gani. Na ce ya zauna, ina da magana, kuma kada ya katse ni, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Na faɗa masa duka, ba gishiri ba yaji. Na ce Mina bai taɓa kiransa matsoraci ba, ni na ƙirƙira. Na ce saƙon da ya ba ni, na cewa tsoro ne, ɗa ɗaya gare shi, ban kai ba. Na ce ni na koya wa yaron neman wani Abuna, ina cin gyaɗa. Na ce ranar da ya kira ni da la'asar na san inda yake. Na kuma faɗa masa abin da Mina ya ce a bayan shago, cewa in ya dawo zai gaya masa da bakinsa.

Bai katse ni ba. Shayin ya huce a gabanmu. Wani mai amalanke ya leƙo, ya ga fuskokinmu, ya wuce.

"Ya ce zai dawo ya faɗa mini?"

"Haka ya ce."

"Bai ce ni matsoraci ba ne."

"Bai taɓa ba. Wallahi bai taɓa ba."

Ya rufe fuskarsa da tawul ɗin da ke kafaɗarsa, ya daɗe. Na zauna ina jiran ya kore ni, ko ya zage ni, ko ya karɓe zannuwan. Kowanne ya yi, da na ji sauƙi. Da ya sauke tawul ɗin sai ya tura mini kofina, ya ce in sha ko da ya huce. Sannan ya faɗi maganar da ban amsa masa ba ranar, ban amsa ba a waya sau biyun da muka yi bayan na dawo, yanzu kuma ƙasa ta rufe shi ban amsa ba.

"Addinina ya ce in yafe, Ilyas. Shekara huɗu ina zaune a nan da yafiyar a hannu, ina jiran wanda zai zo ya ce ni ne. Ba wanda ya zo. Kai kaɗai ka zo, kai kuma ba kai ka kashe shi ba. To sauran fa, wa zan ba?"